Ya nuna min satifiket, amma kyamarar da ke bayan gidana na ɗaukewa da dare

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in sake fitar da kuɗi. Wata biyu ke nan da aka saka min kyamarorin tsaro guda huɗu, irin waɗanda ke shan wuta ta wayar intanet ɗinsu, wato PoE. Tun ranar farko mai aikin ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton satifiket, ga tambari ga sa hannu, ya ce shi ƙwararre ne. Wallahi hoton nan ne ya kwantar min da hankali, ban sake tambayarsa komai ba. Uku suna aiki lafiya. Ta huɗun tana can bayan gidana, wayarta ta kai mita 70. Da rana ras take, amma ana magariba sai ta fara ɗaukewa tana dawowa har gari ya waye, alhali don daren na saka ta. Na kira shi, ya ce ai kyamarar ce ƙarama, in sayi babba a wurinsa. Shi ne kuma ya sa na sayi wayar HDMI mai bakin zinare, wai sai da ita launin talabijin zai fito. Cuta ce, ko ni ne ban gane ba?

Mai Sikuddireba:
Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Ni waya nake zargi. Da duhu ya yi, kyamara takan kunna 'yan fitilunta na gani da dare, sai ta ƙara jan wuta. Idan wayar ba ta iya kai wutar har can, kyamarar za ta mutu ta sake tashi, ta yi ta haka. Mita 70 kuwa ba nisa ba ne, ƙa'idar wayar intanet irin Cat6 ta kai mita 100. Amma sai in jan ƙarfe ne zalla. Akwai wadda ake kira CCA, alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya, kuma alminiyon ba ya wuce kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke iya ɗauka. A kwali duk Cat6 za ka gani an rubuta.

Nemi guntun da ya rage, ka fere robar, ka kankare sili ɗaya da wuƙa. In ka ga fari yana ƙyalli a ciki, ka kama ɓarawonka. Ko ka kara masa wutar laita: alminiyon zai langwaɓe nan take, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja. Abin da ke ƙona min rai shi ne, yawanci kuɗin mai kyau ake karɓa a binne maras kyau cikin silin, inda mai gida ba zai taɓa leƙawa ba.

Bakin zinare kuma tsatsa kawai yake hanawa, ba ya ƙara launi. Wayar HDMI ko ta kai hoto daidai, ko ka ga yana tartsatsi yana ɗaukewa. Abin dubawa a kwalinta shi ne tambarin tantancewa mai lambar QR, wanda za ka iya gwadawa da wayarka.

Maman Hanan:
Baban Khalifa, sannu. Ni dai kada wannan ya sa mu raina satifiket gaba ɗaya, don akwai na gaske. Ƙungiyar CEDIA, ta masu haɗa na'urorin zamani a gidaje, da aka kafa a Amurka a 1989, sai mutum ya zauna jarrabawa kafin ta ba shi shaida. Akwai kuma takardar da kamfanin kaya ke ba wanda ya halarci bitarsa, wadda ba ta nuna komai sai cewa ya je ya zauna. A hoton waya duka biyun kama suke yi. Tambaye shi: wa ya ba ka, wace shekara, mece ce lambarta? Mai ta gaske ba ya jin haushin tambayar nan, da kansa ma zai nuna maka inda za ka tabbatar. Nan gaba kuma ka sa a rubuta maka sunan kowane kaya da lambar samfurinsa a rasit kafin a huda bango.

Baban Khalifa:
Allah ya saka muku da alheri. Na samu guntun a kwalin da ya bari, na kankare. Fari fat, kamar cokali. Na tura masa hoton, na kuma tambayi lambar satifiket ɗin kamar yadda kika ce, Hajiya. Ya karanta, bai amsa ba sai yanzu, wai a kasuwa aka cuce shi shi ma. Lambar kuwa bai ce komai a kanta ba. Na ce masa ya zo ranar Asabar ya zare wayoyin nan huɗu ya sa na jan ƙarfe, kuma zan kankare sabuwar a gabansa kafin ya hau tsani.