Baba ba ya iya kiran sunana, amma yana karanta Fatiha

Ɗan Tela, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Mako uku ke nan da Baba ya faɗi a shagonsa bayan la'asar, yana kan keken ɗinki. Likita ya ce AVC ne, wato shanyewar ɓarin jiki, hawan jini ya jawo. Hannu da ƙafar dama sun mutu, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne baki. Mutumin da ke ciniki da Hausa, ya juya Fillanci, ya yi wa ma'aikata Faransanci, yau ko ruwa ba ya iya nema. Ya gane mu sarai, in na ce ya ɗaga hannu sai ya ɗaga na hagu. Shekaranjiya ina sallar magariba kusa da shi, na ji yana bi na da Fatiha har ƙarshe ba gargada. Da na idar na ce, "Baba, wane ne ni?" Ya buɗe baki, sai hawaye. Kuma hoton kai ya nuna ciwon a hagu yake, alhali dama ce ta shanye. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Malamin Jinya, Ngaundere:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba kuskure a hoton. Jijiyoyin motsi suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara cikin laka, shi ya sa hagu ke sarrafa dama, dama ke sarrafa hagu.

Ƙwaƙwalwa kamar kasuwa take, kowane layi da hajarsa. Gani yana can ƙeya, ji yana wajen kunnuwa, daidaiton tafiya yana ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙasan ƙeya, tsara al'amura da kame kai suna bayan goshi. A yawancin mutane, wurin harhaɗa kalmomi yana gaba ta hagu, maƙwabcin wurin motsa fuska da hannun dama. Jijiyar jini ɗaya ke shayar da su, in ta toshe sai a tafi tare. Wani likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana wurin a 1861 a Paris, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ke fahimtar magana amma ba ya furta komai sai "tan".

Fatiha kuwa Baba ya maimaita ta tun yana yaro, da sautinta da jerinta, ba sai ya nemo kalma ya ƙulla jimla ba. Irin wannan haddar da ƙirga da waƙa sukan tsira, ɓangaren dama ma yana taimakawa. Sunanka na nan cikin kansa, hanyar fito da shi ce ta lalace. Ku daina yi masa jarrabawa, tana karya masa zuciya. Ku riƙe maganin hawan jini, ku riƙa kai shi wajen kine, wato masu gashi da motsa jiki a asibiti.

Maman Zara, Njamena:
Sannu ɗana. Tamu goggon akasin haka ta yi. Ƙafarta lafiya, baki kamar ruwa, amma ba kai ba gindi, kuma ba ta gane abin da muke faɗa. Muka ɗauka iska ce, muka yi kwana biyar a gida. Har yau jinkirin nan yana damuna. Likita ya ce wurin fahimtar magana ne ya taɓu, sama da kunnen hagu, wai sunan wani Bajamushe Wernicke aka sa masa. Ta samu sauƙi a hankali, kuma Larabcin Cadi da ta tashi da shi ya riga Hausa dawowa.

Ɗan Tela, Garwa:
Na gode Malam, na gode Mama. Yau da asuba na bar tambaya, na fara ƙirga masa yatsu. Ya karɓa daga uku har goma. Na miƙa masa kofi na ce "ru…", ya daɗe yana kallona, sannan ya ce "ruwa". Inna ta fita tsakar gida tana kuka. Malam, sau nawa ya kamata mu riƙa yin wannan a rana kada mu gajiyar da shi?