Matasa sun bar katin ATM sun koma biya da waya: shin in matsa wa ɗana ya karɓi kati?

Baban Sadiq, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa a kan wata magana da ta shafi babban ɗana, mai shekara 17, wanda ya samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma wannan ne karon farko da zai zauna nesa da gida. Na yi niyyar kai shi banki a buɗe masa asusu a ba shi katin ATM kafin ya tafi, sai ya nuna mini cikin ladabi cewa ba ya buƙatar kati, domin duk abin da yake saye da waya yake biya, tun daga kuɗin a-daidaita-sahu da aski da data har zuwa shayi da burodi. Ya ce a cikin abokansa babu mai yawo da kati, wanda yake da shi ma bai san inda ya ajiye shi ba. Asusun da yake amfani da shi a wayar na mahaifiyarsa ne, ita ta buɗe da layinta ta bar masa.

Abin da yake damuna shi ne waya ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci. Caji yana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa, kuma duk wanda yake Kano ya san yadda ƙwacen waya ya addabi jama'a. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya same shi a garin da ba shi da kowa, da me zai ci abinci, da me zai hau mota ya dawo gida? Shin in matsa masa ya karɓi katin, ko kuwa kati ya daina zama larura ga yaran wannan zamani? Ina so in ji daga iyaye, da masu aikin kuɗi, da su kansu matasan.

Ma'aikacin Banki, Kaduna

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Abin da ɗanka ya faɗa maka shi muke gani a wurin aiki: matashi zai buɗe asusu, a buga masa kati, ya bar shi a hannunmu watanni bai waiwaye shi ba. Wannan ɗabi'a kuwa tana da asali. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin suka fara fita a tsakiyar Disamba, aka sanya ƙarshen Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffi. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su wadata ba, mutane suna wuni a layin ATM da kati a hannu alhali injin babu ko sisi. Ko bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, sai da aka ɗauki lokaci kafin abu ya sassauta. A waɗannan makonni ne mai shayi da mai kayan miya da mai a-daidaita-sahu suka koyi karɓar tiransifa, yawancinsu ta OPay da PalmPay da Moniepoint. Yaran da suke shekara 17 yanzu a cikin wannan yanayi suka fara riƙe kuɗi, kuma abin da idonsu ya gane musu shi ne kati ya gaza a ranar da waya ta yi aiki. Ba na ganin laifinsu idan suka fi yarda da ita.

Akwai kuma lissafi. Katin kansa sai an biya kuɗinsa, kuma tun daga Maris na 2025 duk wanda ya cire kuɗi a injin wani banki ana cire masa naira 100 a kan kowace naira 20,000, ga kuma ladan mai POS idan can ya je. Shi kuwa yaron da yake tura naira 500 ko 2,000 kusan ba ya asarar komai, domin harajin naira 50 na gwamnati sai kuɗin ya kai naira 10,000 yake hawa.

Amma, Alhaji, akwai wata jimla a cikin tambayarka da ta fi batun kati muhimmanci a wurina, wato cewa asusun da sunan mahaifiyarsa yake. Tun Disamban 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa ko da mafi ƙanƙantar asusu da lambar BVN ko NIN, saboda haka a idon doka mai asusun ita ce Hajiya, ba Sadiq ba. Ranar da aka rufe asusun saboda wani bincike, ko layin ya ɓace, ko lambar sirri ta rikice, babu wanda zai saurari yaron. Ita za a nema da fuskarta da lambarta, tana Kano yana Zariya. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne abin da muke yawan gani a tsakanin ɗalibai, inda wani zai ce wa abokinsa, "Ba ni lambar asusunka, za a turo mini kuɗi." Idan kuɗin na damfara ne, sunan da zai fito a takardar ƙorafi shi ne na mai asusun. Shawarata ita ce ka kai shi a buɗe masa nasa da sunansa. Yana da NIN, tunda JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da ita tun 2021, kuma bankuna da yawa suna da asusun matasan da ba su kai 18 ba, wanda uba ko uwa suke sa hannu a kai. Idan aka buɗe, a karɓi katin ma, ko da ba zai riƙa yawo da shi ba.

Maman Ilham, Gusau

Na yarda da bayanin Malam a kan sunan asusu, amma ina so in ja hankalin Alhaji cewa kati ba ya maganin duk abin da yake tsoro. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jiharmu ta Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mun yi makonni babu kira babu intanet, kuma a lokacin mai waya da mai kati kusan duk ɗaya suka zama, domin na'urar POS ita ma da layi take aiki. Wanda ya ci abinci cikin kwanciyar hankali shi ne mai tsabar kuɗi a hannu. Haka kuma a ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta yi ta tsayawa a Najeriya. Don haka duk abin da za a yi, kada yaro ya fita ba tare da kuɗin motar da za ta dawo da shi gida ba, a aljihun da ba shi ne na wayar ba.

Ni malamar sakandare ce, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai game da yaranmu wani ne daban. Yarinyar da aka ba takardar naira 1,000 tana ganin canjinta yana raguwa a tafin hannunta, tana jin nauyin rabuwa da shi. Wadda take danna waya kuwa lamba kawai take gani tana sauyawa, sai ta wayi gari kuɗin mako ya ƙare a kwana biyu, ba ta iya faɗin inda ya tafi. Kuma wayar da take biyan kuɗin shayi ita ce take ɗauke da tallan caca na wasan ƙwallo, da masu ba da bashin gaggawa, da sashen ajiya mai ba da kuɗin ruwa, wanda yaro zai iya kunnawa bai san ya shiga riba ba. Waɗannan abubuwa uba ne ya kamata ya zauna ya buɗe manhajar tare da ɗansa ya nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, kafin abokai su nuna masa ta tasu hanyar.

Ɗalibi daga Samaru

Baba, ina ajin shekara ta biyu a jami'ar da ƙanena zai shigo, kuma ina tabbatar maka cewa a nan da wuya ya rasa mai karɓar tiransifa, daga masu abinci har masu buga takardu. Da yawanmu mun guji yawo da kati ne saboda shi ma yana da nasa haɗarin. Akwai masu tsayawa a bakin ATM da sunan taimako, su leƙi lambar sirrin mutum sannan su musanya masa kati da wani, kuma katin da ya faɗi lambobinsa suna rubuce a jikinsa ga duk wanda ya tsinta. Wayata kuwa a kulle take da yatsana, manhajar ma tana da nata makullin.

Mama, ina neman afuwa, amma ban yarda gaba ɗaya cewa waya tana ɓoye wa mutum kashe kuɗinsa ba. Tsabar kuɗi idan ta tafi ba ta barin sawu, amma manhaja tana rubuta kowace naira da ranarta da sunan wanda aka tura wa. Mahaifina yakan ce in nuna masa wannan jerin idan na je hutu, kuma sanin cewa zai gani ya sa nake tunani kafin in danna. Maganarki a kan caca kuwa gaskiya ce, na ga waɗanda kuɗin makarantarsu ya salwanta ta nan.

Abin da nake so a faɗa wa Sadiq shi ne ɓarawon waya sau da yawa layin yake nema. Yana cire shi ya sa a ƙaramar waya, saƙonnin banki su riƙa shigo masa, ya gwada cire kuɗi ta lambobin USSD, wato gajerun lambobin banki da ake dannawa ba tare da intanet ba. Maganin wannan shi ne a sa wa layin kansa lambar sirri, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar, kuma yawancin abokaina ba su san ana yin haka ba. Sannan ya saba da haƙuri idan ya tura kuɗi mai kanti ya ce ya tsaya sai alat ya shigo, domin masu nuna rasidin bogi sun sa 'yan kasuwa ba sa yarda da hoton da ke wayar mai saye. A irin wannan jiran, musamman idan mutum yana saurin shiga aji, ake gane amfanin 'yan canji a aljihu.

Ɗan Maraɗi

Ina gaida kowa. A nan Nijar katin banki bai taɓa zama ruwan dare ba, don haka yaranmu ba barin kati suka yi ba, tun farko ba su san shi ba. Uban da ɗansa yake karatu a Yamai ko Damagaram yakan tura masa kuɗi ta Nita ko Amana, ko ta Airtel Money, yaron ya karɓa a wayarsa ko ya je ofishinsu da katin shaidarsa a ba shi sefa a hannu. Matsalar da Malam ya ambata muna da irinta: yaro yana amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wansa ko kawunsa, ranar da layin ya ɓace sai a shiga neman mai sunan, wanda wataƙila ya tafi cin rani.

Baban Sadiq, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan kai shi a buɗe masa asusu da sunansa. Malam, saura tambaya ɗaya: idan Allah ya ƙaddara aka ƙwace wayar, me ya kamata ya fara yi, kuma nawa ya dace in riƙa bari a asusun da ke cikinta?

Ma'aikacin Banki, Kaduna

Alhaji, abu na farko shi ne kada ya yi jayayya da mai makami a kan waya, ya sakar masa. Da zarar ya tsira, ya ari wayar wani ya rufe asusun. Yawancin bankuna suna da lambar USSD da layin kira na yin haka daga kowace waya, kuma ya kamata ya rubuta su a takarda tare da lambar wayarka, domin yaran yanzu ba sa haddace lamba. Bayan nan a kira kamfanin layi a rufe layin. A nan akwai abin lura: hukumar sadarwa ta NCC ta bayyana 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun yi wa layi rajista, kuma ba a sake fitar da layin da ya ɓace sai ga wanda NIN ɗinsa take kai. Don haka kafin ya cika shekarun, layin ya kasance da sunan wanda zai iya tashi ya je ofis a ranar, kuma da ya cika 18 a yi masa nasa.

A tsakanin ɓatan waya da samun wata, katin nan da ya raina shi ne makulli na biyu. Idan yana ajiye a cikin akwatinsa a ɗaki, bayan banki ya tantance shi ya sake buɗe asusun, zai je wurin mai POS ya ciri abin da zai ci.

Game da adadi, ni na fi son a raba kuɗin biyu. Kuɗin wata ya zauna a asusun banki mai kati, shi kuma ya riƙa ɗiban na mako yana sawa a manhajar da yake saye da ita. Ƙaramin asusu, wato na matakin farko, dama ba ya wuce naira 50,000 a rana, kuma ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Wasu iyaye suna jin cewa hukumar NDIC tana ba da inshora a kan kuɗin da aka ajiye a banki sai hankalinsu ya kwanta, kuma gaskiya ne a 2024 ta ɗaga kariyar zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankuna irin su Moniepoint da Kuda. Sai dai wannan kariya ta rushewar banki ce. Kuɗin da aka cire da lambar sirrin mutum, ko da yaudararsa aka yi ya faɗe ta, ba ya cikin abin da take biya, don haka a jaddada wa Sadiq cewa babu ma'aikacin banki da zai kira shi ya nemi lambar sirrinsa ko lambar da aka turo masa ta saƙo.