Shawarwari ga mai nazarin karayar tattalin arzikin Amurka ta 1929

A wata tattaunawa kan yadda za a nazarci musabbabin wannan karaya, abin da aka fi nanatawa shi ne kada ɗalibi ya riƙe bayani ɗaya ya watsar da sauran.

A fara da Keynes, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, wanda a 1936 ya ce matsalar ƙarancin saye ce. Magidanci ya ƙulle kuɗinsa, mai kanti ya rasa ciniki, masana'anta ta sallami ma'aikata, har a 1933 kusan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. Maganinsa, gwamnati ta kashe kuɗi.

Daga nan a karanta Milton Friedman da Anna Schwartz, masana tattalin arziki 'yan Amurka. A 1963 sun ɗora laifin kan babban bankin Amurka, wanda ya zura ido dubban bankuna suna rushewa, kuɗin da ke yawo ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A ganina wannan hujja ta fi ƙarfi.

Hayek kuwa, wani masanin tattalin arzikin, ya ce bashi mai araha ne ya kumbura kasuwa tun farko.

An kuma ba da shawarar a kwatanta ƙasashe: Birtaniya ta daina ɗaure kuɗinta da zinariya a 1931, ta riga Faransa, wadda ta ci gaba da ɗaure nata, farfaɗowa.