Shan kwana da mashin a kan burji: wa ya iya, wa ke hawan acaɓa?

Ɗan Lamingo: Jama'a raina a ɓace yake. Ranar Asabar a hanyar Dutsen Shere kusa da Jos wani ya shiga kwana ya kwanta tare da mashin kamar yana kan kwalta, tayar gaba ta zame, ya kusa kwashe ni. A kan burji mashin ake kwantarwa, jiki ya tsaya a miƙe. Ka matso gaba kusa da tanki, ka danne matakin ƙafa na waje, ƙafar ciki ka miƙa ta gaba wajen taya, gwiwar hannu sama, ido a mafitar kwanar. Birki tun kafin ka shiga. Duk abin da ba wannan ba hawan acaɓa ne.

Mai Boxer: Hawan acaɓa? Malam, iya bakinka. Ɗan acaɓa na haura tudu da buhun dankali biyu da fasinja a hanyar Bokkos da damina. Kai fa me ka ɗauko?

Baban Yara: Ƙyale su. Sun sayi mashin mai tayar gaba inci 21, sai su raina mai inci 17.

Ɗan Lamingo: Baba, ban zagi kowa ba, zama nake magana. Wanda ya zauna can baya ya sauke wa tayar gaba nauyi, dole ta zame.

'Yar Rayfield: To ai mu "goyin" muke cewa a nan Jos. Acaɓa maganar Kano ce.

Bakano: Hajiya, me ya kawo Kano cikin zancen nan? Kullum sai an taɓo mu.

Mai Boxer: Tun 2006 aka kore mu daga tsakiyar Abuja, Jos ma aka hana, yanzu daji ma za a koya mana hawa?

Kanikawa: Ni dai wanda ya dasa ƙafa a ƙasa cikin kwana yana gudu, gwiwarsa ce za ta biya. Na ga da yawa.

Baban Yara: Ina ka gani? Kawo hoto.

Bakano: Har yanzu ba a ba Kano haƙuri ba fa.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda Boxer ta fi ƙarko, kuma Ɗan Lamingo zai ba 'yan acaɓa haƙuri. Maganar tanki da gwiwar hannu, masu hular kwano mai tsada su je su yi ta can gefe. Mai son Boxer ta hannu ya yi mini magana, akwai guda.