Na share wa kwamfutata ƙura, yanzu ta ƙi tashi

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, hankalina a tashe yake. Kwamfuta ce da na haɗa da hannuna shekara uku da suka wuce, da ita nake haɗa bidiyon biki, ita ce hanyar abincina. Furosesa Ryzen 5 3600, madabod MSI B450 Tomahawk, ram biyu kowanne giga 8, katin hoto GTX 1660, fawa saflai mai wat 550.

Tunda hunturu ya shigo ƙura ta cika ta, fanka sai gurnani take, in ina fitar da bidiyo zafin furosesa har digiri 90 yake kaiwa. Jiya bayan la'asar na kwance ta, na hure ta da bulawa, na zare ram da katin hoto na goge, na canza man da ake shafa wa furosesa, na mayar da komai. Yanzu in na danna maɓalli fankoki suna juyawa, fitilu suna kamawa, amma monita baƙi ƙirin. Akwai bidiyon kamu da na yi wa wata baiwar Allah alkawarin ranar Asabar, ga shi yau Laraba. Daga ina zan fara?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Fara da abu mai sauƙi: wayar monita a ina ka soka ta? Wannan furosesan naka ba shi da nasa hoton, in ka soka a ramin madabod ba abin da za ka gani, dole sai a jikin katin hoto. Sannan ka duba wayar wuta mai ido takwas da ke can saman madabod kusa da furosesa. Ita mutane suka fi mantawa, saboda tana lungu. Da wayar wutar katin hoton ma.

Ɗan Kurna: Na gode Yaya. Wayar monita tana jikin katin hoto. Mai ido takwas da babbar mai ido 24 duk na cire na sake sokawa har na ji ƙas. Shiru.

Ɗan Damagaram: Ram ne, malam. Ka ciro su ka goge haƙoran da fetur, ni haka nake yi.

Maman Iman: A'a, don Allah kar a sa fetur, yana barin maiƙo, kuma yana cin roba. In goge haƙora ne, abin goge fensir mai tsabta ya wadatar. Amma kafin nan, Malam, madabod ɗinka yana da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama, kusa da babbar waya: CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (katin hoto), BOOT. Kunna ka gaya mana wadda ta tsaya a kunne. Ita za ta nuna mana inda tashin yake maƙalewa, mu daina lalube.

Ɗan Kurna: Wallahi Anti ban taɓa lura da su ba. Ta CPU tana ƙiftawa ta wuce, sai ta DRAM ta tsaya cak.

Maman Iman: Madalla. Kashe wuta ta bayan fawa saflai, ka cire ram duka. Ka sa guda ɗaya a rami na biyu daga furosesa, ka danna sosai har maƙallin ya rufe da kansa. In bai yi ba ka gwada ɗayan. Ka kuma cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi minti biyar a waje kafin ka mayar, don saitin madabod ya koma na asali.

Ɗan Kurna: Na yi duka. Kowane ram na gwada shi a ramuka huɗun, na cire batir. Fitilar tana nan.

Injiniya Mai Gyara, Zariya: Ram biyu ba sa mutuwa rana ɗaya don an goge su. Ɗan'uwa, tambaya ɗaya zan yi maka, ka tuna da kyau. Lokacin da ka ɗaga fankar furosesa, furosesan ya zauna a gurbinsa, ko ya biyo fankar?

Ɗan Kurna: Ya biyo ta. Man ya bushe ya manne kamar siminti. Da na ja, sai na ga furosesa liƙe a ƙasan ƙarfen. Da katin banki na ɓamɓaro shi. Da zan mayar na ɗaga ƙarfen soket, na sa, sai na ji gefe ɗaya bai zauna ba, na ɗan danna da yatsa.

Injiniya Mai Gyara, Zariya: To nan gizo ke saƙa. Furosesan wannan soket, AM4, allurai 1331 ne a ƙasansa, sirara kamar gashi, kuma da yawansu su ne hanyar da yake magana da ram, domin abin da ke sarrafa ram a cikin furosesa yake. Shi ya sa allura ɗaya in ta lanƙwashe sai fitilar DRAM ta kama, mutum ya yi ta zargin ram. Furosesa lafiyayye ba a danna shi, in ka daidaita alamar kusurwa mai ruwan zinare da ta soket, da nauyinsa yake faɗawa.

Ciro shi, ka fita haske, ka karkata shi daidai idonka ka bi layi-layi. Allurai a jere suke kamar sahu, wadda ta kauce za ka ga tana ƙyalli daban. Ɗauki hoto da waya ka zuƙo. In ka gani, nemi fensir mai dannawa na 0.5, ka zare bakin rubutun, ka zura allurar a ramin, ka miƙar da ita a hankali, kaɗan-kaɗan. Kada ka yi ta kai da komo, sau biyu uku take karyewa. In ka ji hannunka yana rawa, ka bari, ka kai wa masu gyara a titin Beirut nan Kano, suna da gilashin ƙara girma. In kuma allura ta riga ta karye, ka dawo mu san abin yi.

Gaba in za ka canza mai, ka bar kwamfutar ta yi aiki minti goma ya yi laushi, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga.

Baban Khadija: Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama furosesa, lokacin hunturu jiki yana tara lantarki. Fayilolin amarya kuma suna cikin hard disk, wato ma'ajiyar fayiloli, wannan matsalar ba ta taɓa su ba. In abin ya ƙi, ciro shi ka jona a wata kwamfutar.

Ɗan Kurna: Alhamdu lillahi! Allurai biyu ne a gefe, ɗaya ta kwanta a kan 'yar uwarta. Kusan awa ɗaya na yi a bakin taga da fensirin ƙanwata. Da na sa furosesa, shi da kansa ya faɗa. Na kunna, fitilar DRAM ta ɗan jima har gabana ya faɗi, sai ta wuce VGA, monita ya kawo. Allah ya saka muku da alheri, Injiniya, Anti, Yaya, duka. Sai dai agogo ya koma baya, kuma gudun ram yana nuna 2133 maimakon 3200.

Maman Iman: Barka! Cire batir ne ya jawo wannan. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka gyara kwanan wata, ka kunna A-XMP, shi zai mayar da gudun ram 3200. Ka tabbata yana ganin giga 16 cif, kuma ram ɗin suna rami na biyu da na huɗu. Ka duba zafin furosesa kafin ka fara fitar da bidiyon.