Muhawara: Yak-52 ko TF-51D kafin mutum ya hau Mustang?

Abban Sadiq: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah a daina tura sabbin shiga DCS, wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, su sayi jirgin koyo Yak-52 wai don su koyi tuƙi kafin su hau Mustang ko Spitfire, jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan shawarar ɓata musu ƙafa take yi, amma kullum sai an maimaita ta a zauren nan. In kana zaune a kujerar matuƙi, farfelar Yak-52 hagu take juyawa, hancinsa ya ja dama wajen tashi, fedar hagu ake takawa. Injin Merlin na Mustang da Spitfire kuwa dama yake juya farfela, hanci ya ja hagu, fedar dama ake so. Yaro ya yi wata biyu yana horar da ƙafar hagu, ranar da ya hau Mustang ƙafar ta riga tunaninsa, jirgi ya yi hajijiya a gefen titi. Ƙari kuma, tayar Yak-52 ta uku a hanci take, ba a wutsiya ba. Ga TF-51D nan kyauta a DCS World, jirgin koyo na gaskiya, ko sisi ba a ce ka biya ba.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Malam, TF-51D ne jirgin koyo? Mustang ne da aka cire wa bindigogi. Injinsa Packard V-1650-7, ƙarfin doki 1490 wajen tashi. Na Yak-52 doki 360 ne. Jirgin da ke ɗauke da injin mayaƙi ba a kiransa na koyo.

Abban Sadiq: Harafin T da ke gaban sunan fa, na mene ne in ba na Trainer ba, wato jirgin koyo?

Injiniya Kabiru: Na sabawa ne ga wanda ya riga ya iya. Dubi matakan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu: PT-17 mai doki 220, sai BT-13 mai 450, sai AT-6 mai 600, sannan a ba ka jirgin yaƙi. Ingila kuma Tiger Moth, sai Harvard ko Miles Master. Babu wanda ya fara daga 1490.

Hajiya Turai: Ina tare da Injiniya a kan kalmar. Jirgin koyo shi ne wanda malami zai zauna bayanka ya karɓe sanda in ka ɓata. A DCS mutum biyu na iya shiga Yak-52 ɗaya ta intanet. A TF-51D kai kaɗai ne.

Ɗan Damagaram: Hajiya, da girmamawa, jerin da Injiniya ya kawo shi ya kayar da shi. PT-17, BT-13, AT-6, Tiger Moth, Harvard, dukkansu tayar wutsiya gare su. A irin wannan jirgin cibiyar nauyi tana bayan manyan tayoyi, da hanci ya ɗan kauce sai nauyin baya ya ƙara masa kaucewa, wutsiya tana neman ta wuce gaba. Mai tayar hanci shi yake miƙar da kansa. To da wanne Yak-52 ya yi kama a cikinsu?

Injiniya Kabiru: Ban ce ya yi kama ba. Cewa na yi TF-51D ba jirgin koyo ba ne.

Baffa Merlin: Kuna ta koyo, koyo, alhali akwai bambancin da babu wanda ya ambata. TF-51D ba shi da tankin bayan kujera, tankuna biyu ne na fukafukai, galan 92 kowanne. P-51D, wato Mustang na yaƙi, yana da ƙarin galan 85 a bayan matuƙi. In ya cika, cibiyar nauyi ta koma baya, a kwana mai tsauri jirgin da kansa yake ƙara matse kwanar har sai ka tura sanda gaba. Littafin jirgin ya hana wasan alkahura a sama in man da ke tankin ya haura galan 40. Ana tashi da tankin hagu, domin can ragowar man kafireto ke komawa, sannan a juya kan na baya a rage shi. Saboda haka wanda ya ce TF-51D da P-51D abu ɗaya ne ya yi kuskure. TF ya fi lafiya, kuma lafiyar nan ita ce koyo.

Hajiya Turai: Lafiyar a sama ce, Baffa. A kan titi ake karya su.

Baffa Merlin: To ga na titi. Ka hau layi, ka ɗan gangara gaba tayar wutsiya ta miƙe. Ka ja sanda baya: a Mustang hakan ke ɗaure tayar da feda, digiri 6 kowane gefe. In ka tura sanda ta wuce tsakiya tayar ta sake, tana juyawa yadda ta ga dama. Saitin rada, wato marfin wutsiya da feda ke juyawa, digiri 6 dama, filaf (marfin fukafukai) a sama, hannun farfela gaba gaba ɗaya. Totur a hankali, kamar kana ƙirga ɗaya zuwa goma, har matsin inji ya kai inci 61 a juyi 3000. Kada ka ɗaga wutsiya da wuri, kuma kada ka ɗaga ta da sauri. Farfelar ta haura ƙafa 11 a faɗi, ɗabi'ar katantanwa gare ta: ka sunkuyar da ita farat ɗaya, ta fizge hanci hagu. Wajen mil 100 zuwa 110 a awa zai bar ƙasa. Bayan an naɗe taya, totur ake fara ragewa zuwa inci 46, sannan farfela zuwa 2700.

Malam Tanko: Saitin rada digiri 5 ne, ba 6 ba.

Baffa Merlin: 6.

Malam Tanko: Kawo shafin.

Baffa Merlin: Kai ka kawo naka, Malam.

Sani Spit: Duk wannan sauƙi ne na 'yan Mustang. Tazarar tayoyinsa ta kusa ƙafa 12, ga tayar wutsiya mai ɗaurewa. Spitfire tazararsa ba ta kai ƙafa 6 ba, tayar wutsiyarsa sake take, babu makulli. Birkinsa na iska ne, hannu ɗaya a jikin sanda, feda ce ke raba iskar tsakanin tayar hagu da ta dama. Wane jirgi ne a DCS ke da wannan tsarin birkin? Yak-52. TF-51D birkin yatsun ƙafa gare shi, kowace taya da nata. Wanda ya saba da shi, a Spitfire zai damƙe hannun birki gaba ɗaya, jirgi ya kifa da hanci, farfela ta ci kwalta. Taɓa-saki ake yi masa.

Abban Sadiq: Birki na tafiyar ƙasa ne, ɗan'uwa. Ni ƙafar tashi nake magana.

Sani Spit: Sai ka kai bakin titi lafiya kafin ka tashi. Kuma Spitfire Mk IX ba ya son tura totur har ƙarshe: matsin inji +7 zuwa +9 ya isa tashi, ba +18 ba. Kada ka daɗe a ƙasa, ƙafafun taya suna tare wa lagireto iska, ruwa ya yi zafi. Jiragen Ingila ne ma suka san ƙasarmu. Daga Satumban 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi Hurricane a Takoradi ta Ghana, su biyo ta Legas, Kano da Maiduguri su nufi Khartum da Alƙahira.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne, amma me ya haɗa shi da fedar hagu?

Injiniya Kabiru: Zancen ƙafar ma an kambama shi. Spitfire Mk XIV mai injin Griffon farfelarsa hagu take juyawa, irin na Yak. Matuƙa sun bar Mk IX sun koma kansa. Ido ake horarwa: ka kafe shi a can ƙarshen titi, hanci ya motsa ka taka ka saki nan take. Mai danne feda yana jiran sakamako shi ke yin hajijiya.

Malam Tanko: Wanda yake murɗa sanda a madadin feda bai kamata ya sa baki a nan ba.

Hajiya Turai: Haba Malam Tanko. Feda tsada gare ta, yawancin yaran zauren nan sandar murɗawa suke da ita. Ana tashi da ita. A sa wa radar lanƙwasa 15 zuwa 25 a gyaran aksis, wato saitin da ke sassauta amsar sanda a wasan, da ɗan mataccen fili a tsakiya don hannu kada ya murɗa bisa kuskure wajen jan sanda. Abin da ke cutar su na gaske yana shafin Special na jirgin, a saitin wasan: taimakon tashi da rada mai sarrafa kanta. In suna kunne, kai kana taka feda, kwamfuta ma tana takawa, ku yi ta kokawa. A mai da taimakon sifili, a kashe ɗayan.

Malam Tanko: Lanƙwasa yaudara ce. Jirgin gaske ba shi da ita.

Hajiya Turai: Sandar jirgin gaske daga ƙasan kujera take tasowa. Ta kan tebur tsawon tafin hannu ce, motsi kaɗan ya zama babba. Lanƙwasar gyaran wannan ne.

Sani Spit: A matsayina na mai kula da zaure bari in taƙaita. An yarda TF-51D ba jirgin koyo ba ne. An yarda Yak-52 yana koyar da birkin iska, wanda shi ne ginshiƙi ga mai nufin Spitfire, kuma Spitfire shi ne ma'aunin iya tayar wutsiya. Maganar ƙafa Injiniya ya warware ta da misalin Griffon. Shawarar zaure tana nan yadda take.

Baffa Merlin: Wa ya yarda? Ina tankin baya a taƙaitawarka?

Abban Sadiq: Mutum uku ne suka faɗi haka, Sani, kai ne na ukun. Matuƙan Griffon da aka kawo misali sun riga sun yi ɗaruruwan tashi a tayar wutsiya kafin farfela ta juya musu baya. Sabon shiga ba shi da ko ɗaya. A ba shi TF-51D a filin Batumi na cikin wasan, iska sifili, taimako sifili. Ya yi gudu a titi da inci 30 ba tare da ya tashi ba, ya rage totur, ya tsaya a kan layi, sau goma. Sannan ya tashi da inci 46 zuwa 50, jirgin ba shi da nauyi, zai ɗauka. Wajen sauka mil 115 zuwa 120 a gangarar ƙarshe, in taya uku sun taɓa sanda ta dawo ciki ta zauna. In ya yi tsalle zai sake zagayowa, totur a hankali zuwa 46, domin in ya banka shi a wannan saurin jirgin kifewa zai yi ta hagu.

Malam Tanko: Da saitin digiri 5.