Gidauniyar asibiti: taimakon marasa lafiya ne ko sauke wa gwamnati nauyi?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk lokacin da jama'a suka ƙaddamar da gidauniya don gyara asibitin gwamnati, suna nuna wa masu mulki ne cewa za su iya barin aikinsu kuma babu abin da zai faru. Talaka ya biya haraji, sannan a sake zuwa ƙofarsa a ce ya kawo na rufin ɗakin haihuwa. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Ƙasashen da suka taɓa cika alkawarin ana iya ƙirga su da yatsu. Mu kuwa maimakon mu bi bashin alkawari, sai mu kira taron neman gudummawa. Ni a ganina illar abin ta fi amfaninsa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin jinya na yi har na yi ritaya, don haka ba zan iya yin shiru ba. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa da tsakar dare ba za ta jira kasafin baɗi ba. Abin da take buƙata shi ne allurar oksitosin mai tsayar da jinin haihuwa, wadda zafi bai kashe mata ƙarfi ba, da hasken da za a ga inda jinin ke fitowa, da jini a firij. Na yi aiki a inda ungozoma ke riƙe waya da haƙora tana haska wurin, saboda hannayenta biyu suna ɗinki. Daga baya wasu mata suka haɗa kuɗi aka sa sola da batir. Wa zai dubi matan nan ya ce sun cuci al'umma?

Malam Habibu: Allah ya saka musu da alheri, Hajiya, ban ce sun yi laifi ba. Tambayata ita ce, bayan sun sa solar, hukumar da ke da alhakin wutar asibitin ta ji kunya ta gyara sauran ɗakunan, ko ta share layin daga lissafinta?

Zainab: Baba Malam, a gafarce ni, amma akwai wuraren da gudummawar jama'a ta gina abin da gwamnati ba ta gina ba. Asibitin kansar yara na birnin Alƙahira da aka buɗe a 2007 da kuɗin mutane aka gina shi, har sunansa 57357 lambar asusun da aka riƙa zuba gudummawar ce, kuma kyauta ake kula da yaran. A Lahore akwai asibitin Shaukat Khanum da Imran Khan ya buɗe a 1994 da gudummawa da zakka. A Amurka asibitin St. Jude yana aiki tun 1962, ba ya cajin iyaye kuɗin magani. Ai ko bimaristan, wato asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi.

Malam Habibu: 'Yata, kin kawo misalai masu kyau, sai dai duk asibitoci ne masu cin gashin kansu. Su ke karɓar kuɗin, su ke ɗaukar likita, su ke sallamar wanda ya ci amana. Ni ina magana ne a kan asibitin da gwamnati ke da shi, jama'a su zuba kuɗi amma ba su da ta cewa. Kuma ki dubi Birtaniya. A 2020 Kyaftin Tom Moore, dattijo mai shirin cika shekara 100, ya tara sama da fam miliyan 32 don tallafa wa asibitocin ƙasar yana zagaya lambunsa da abin dogarawa. Duniya ta yaba. Amma hukumar lafiyarsu ta NHS, wadda aka kafa a 1948, tana kashe sama da fam biliyan 100 a shekara, kuma daga haraji. Abin da dattijon ya tara ƙari ne a kan ginin da ke tsaye.

Injiniya Bala: Ni gyaran kayan asibiti ne sana'ata, kuma ina ganin kun tsallake inda matsalar take. Kafin a kai ga ko gwamnati ta ji kunya, a tambaya me ake saya da kuɗin. Wani bincike da aka buga a 2011 ya duba kayan aiki sama da dubu 100 a asibitocin ƙasashe masu tasowa 16, ya samu kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin horo, rashin kayan gyara da rashin tsarin kula da su.

Ku ɗauki injin tace iskar oksijin. Ranar biki za a yanke zare, a ɗauki hoto. Amma injin nan yana son wuta mai tsayuwa, yana da soso a bayansa da sai an riƙa cirewa ana wankewa, kuma a cikinsa akwai tulu biyu masu sinadarin da ke raba iskar, waɗanda danshi da ƙura ke lalatawa. Idan suka gaji injin zai ci gaba da ƙara yana hura iska, uwa tana ganin an sa wa ɗanta robar a hanci tana samun natsuwa, alhali oksijin ɗin ya ragu ƙwarai. Sai an sa ma'auni ake ganewa, kuma da wuya mai gudummawa ya sayi ma'aunin. Haka injin gwajin jini da ba ya karɓar sinadari sai na kamfanin da ya ƙera shi: kwalin farko ya ƙare, a lulluɓe shi da zane. Na sha buɗe injin da aka turo daga ƙasar da wutarta 110 ce, aka jona shi a 220, ya ƙone tun ranar farko.

Kowa yana son a rubuta sunansa a jikin gini ko inji. Ba ka cika samun mai cewa ga nawa na man janareta ko na canjin batir bayan 'yan shekaru ba, alhali su ne ke riƙe da asibitin.

Alhaji Musa: Injiniya, ka faɗi gaskiya, amma ka yi mana adalci. Ba son suna ne kawai ke sa mutum ya zaɓi gini ba. Gini ana ganinsa da ido. Kuɗin mai da na magani kuwa ta ina zan san inda suka shiga? Na taɓa ba da gudummawa a wata gidauniya, har yau ba a karanta mana ko rasit ɗaya ba. A ba ni asusun banki da mutum uku ke sa hannu, ɗaya daga cikinsu mace ce daga masu zuwa awo, a liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar asibiti duk wata, zan ba da na mai kafin kowa.

Hajiya Rabi: Alhaji, wannan fargabar tana da tushe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka tare da WHO da UNICEF sun fito da Shirin Bamako: a zuba magani a ƙaramin asibiti, a sayar da sauƙi, kuɗin ya juya a sake saye, kwamitin jama'a yana sa ido. Inda kwamitin ya tsaya da ƙafarsa magani bai yanke ba. Inda aka fara aron kuɗin don wata hidima, cikin ɗan lokaci kantar ta koma fayau. Kuma marar ko sisi ya kan koma gida da cutarsa, shi ya sa da Uganda ta soke kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati a 2001 masu zuwa asibiti suka ƙaru. Ruwanda ta bi wata hanya: ta fara gwajin inshorar lafiya ta al'umma a 1999, kowa yana zuba ɗan abu tun yana da lafiya, gwamnati ta yi mata doka kuma tana biya wa mafi talauci. Mafi yawan 'yan ƙasar suka shiga.

Malam Habibu: To ai kin zo inda nake, Hajiya. A Ruwanda gwamnati tana ciki tsundum. Kuɗin jama'a ba su maye gurbinta ba.

Hajiya Rabi: Ban zo ba tukuna, Malam. Kai cewa ka yi a daina, ni kuwa cewa nake a gyara yadda ake yi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Zainab: Ni abin da na lura, wanda ya sa kuɗinsa a asibiti shi ne ke da bakin tambaya me ya sa likita bai zo ba. Me zai hana kafin a tara ko kwabo a yi yarjejeniya a rubuce: jama'a su gyara ɗakin haihuwa, hukuma ta turo ungozoma biyu ta ɗauki albashinsu da kuɗin wuta? Kuma kamar yadda Injiniya ya nuna, a ware wani kaso na kuɗin don gyara tun daga farko.

Malam Habibu: Idan hukuma ta sa hannu sannan ta ƙi turo ungozomar fa? Ɗakin an riga an gina shi, kuɗin mutane sun tafi.

Zainab: Sai a juya tsarin, Baba. Kuɗin su zauna a asusu kowa yana gani, ba za a sayi buhun siminti ko ɗaya ba sai ungozomar ta kama aiki.

Hajiya Rabi: Na yarda da wannan a kan gini da manyan injina. Amma kuɗin jini da na allurar gaggawa ban yarda a riƙe su don jan kunnen kowa ba. Waɗannan a ware musu asusu daban, mai duti ta iya taɓawa cikin dare ba tare da jiran sa hannun mutum uku ba, da safe ta kawo rasit.

Alhaji Musa: Wa zai duba rasit ɗin da safen, Hajiya? Ina so a ambaci mutumin tun yanzu.